Ali Farka Ture, Manomin Niyafunke

A wannan fitowa za mu ɗan ƙetare iyaka zuwa ƙasar Mali. Za mu bi gulbin Isa mu yi sama, mu wuce Ayoru da Gawo da Tumbutu, har mu isa wani ƙaramin gari na bakin ruwa da ake kira Niyafunke. A can ne wani makaɗi wanda sunansa ya kai Pari da Landan da Amurka ya yi ƙarshen rayuwarsa, tsakanin gonar shinkafa da neman gazuwal na injin ban ruwa. Sunansa na yanka Ali Ibrahim Ture, amma duniya ta san shi da Ali Farka Ture. Da yawa cikinmu sun taɓa jin gitarsa a rediyo ko a kaset ɗin wani direba ba tare da sun san mai ita ba.

An haife shi a 1939 a ƙauyen Kanau, cikin yankin Gurma-Rarus na jahar Tumbutu. Shi ne ɗa na goma ga mahaifiyarsa, kuma duk waɗanda suka riga shi sun koma tun suna jarirai. Mun san abin da ake yi wa ɗan wabi a ƙasar Hausa, a ba shi suna irin su Ajuji ko Ayashe don mutuwa ta raina shi ta wuce. To, mutanen gulbi ma haka suke yi. Farka da yaren Sanwai jaki ne, kuma duk wanda ya zauna da Zabarmawa ya san kalmar. Yaron ya rayu, ya girma yana alfahari da sunan, yakan nuna wa masu tambaya cewa shi irin jakin nan ne da ba a hawa.

Mahaifinsa sojan Faransa ne, ya rasu Ali yana ƙarami ƙwarai, sai iyalin suka koma Niyafunke. Ali bai taɓa zama kan bencin lakwal ba. Noma ya fara koya, sannan ɗinki da gyaran mota, ya yi direba, ya kuma tuƙa jirgin ruwa a gulbi. Mu malamai mun saba auna mutum da takardar da ya samu, to ga wanda ba shi da ko ɗaya, amma yana waƙa da Sanwanci da Fulatanci da Buzanci da Bambaranci, yana kuma amsa tambayoyin ƴan jarida da Faransanci.

Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne Ali ba ɗan gidan roƙo ba ne. Danginsa Arma ne, wato jikokin sojojin Maroko da suka ci daular Sanwai a 1591, suka zauna a Tumbutu da Gawo suka auri matan ƙasar. A wajensu, kamar a wajenmu, kiɗa sana'ar gado ce, ɗan asali ba ya ɗaukar molo ya tsaya gaban jama'a. Saboda haka gidansu ba su so ba. Taurin kan jaki ne ya yi aiki. Yana da shekara 12 ya haɗa wa kansa jurkel, wani ɗan molo mai tsirkiya ɗaya kamar kuntigi, daga baya ya kama njarka, ƙaramin goge irin kukumarmu. Da waɗannan kayan ne ake kiran iskokin gulbi a wasan da mutanen yankin ke ce wa Gimbala, ɗan uwan Holle na Zabarmawa da borinmu, kuma kakarsa mace sananniya ce a wannan harka. Yana wajen shekara 13 ya kamu da wani ciwo da aka danganta da iskoki, aka kai shi wani gari aka yi masa magani kusan shekara guda. Har ya tsufa Musulmi ne mai salla, amma bai daina ɗaukar njarka da girmamawa ba, ba ya wasa da ita.

A 1956 ya ga Keita Fodeba, mutumin Gine, yana kaɗa gitar Turawa mai tsirkiya shida. Ali ya ari gita ya ɗora mata abin da yatsunsa suka riga suka sani na jurkel, kuma daga nan ne salon nan nasa ya fito, wanda in ka ji shi sai ka ce molo ne ya yi girma. Bayan mulkin kai a 1960 gwamnatin Modibo Keita ta kafa ƙungiyoyin wasa a kowane yanki, masu zuwa gasa kamar yadda samariyarmu ta yi a zamanin Kunce, Ali ya zama ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar Niyafunke. A 1968 aka tafi da shi Sofiya ta ƙasar Bulgariya wakiltar Mali, a can ya sayi gitarsa ta farko. A 1970 ya shiga aiki a Radiyo Mali a Bamako wajen ɗaukar sauti, ya riƙa aika kiɗansa Pari ana buga shi a faifai. Da 1980 ta zo, ya bar Bamako ya koma gida ya kama noma.

Ɗaya daga cikin faya-fayan nan na Pari ne ya faɗa hannun wani mai gabatar da kiɗa a BBC, Andy Kershaw, ya sa shi a rediyo, Ingilishi suka fara tambayar ko wane ne. Wata mata daga kamfanin World Circuit, Anne Hunt, ta zo har Bamako nemansa, sai da aka yi cigiyarsa a Radiyo Mali. A 1987 ya je Landan. Faya-fayai suka biyo juna, har a 1994 aka fitar da Talking Timbuktu wanda ya yi da Ba'amurken makaɗi Ry Cooder, a 1995 kuma faifan ya ci lambar Grammy, babbar lambar yabo ta makaɗa a Amurka. Ali yana da shekara 55 a lokacin.

To, a nan ne labarinmu yake. Mun san abin da aka saba gani in mutumin Afirka ya kai wannan matsayi: gida a Pari, rangadi shekara bayan shekara, ƙauye kuwa sai a aika masa da kuɗin salla. Ali ya yi akasin haka. Tun daga wannan lokaci ya fara rage tafiye-tafiye, ya sha sanar da cewa ya bar kiɗa, masu shirya wasanni suna bugo waya ana ce musu yana gona. Ya sha bayyana wa baƙi cewa noma ne sana'arsa ta farko, kiɗa na biye, kuma in ya daɗe nesa da ƙasarsa kiɗan kansa yakan rasa ƙarfi. Wasu Turawa sun ɗauka salon magana ne na mai son a roƙe shi. Waɗanda suka yi wahalar zuwa Niyafunke sun tarar da gaske yake.

Sai mun duba yadda ƙasar take kafin mu gane abin da ya riƙe shi. Niyafunke tana gefen hagu na gulbi, a ƙarshen babbar fadamar nan da ta taso daga wajen Mopti, inda ruwa ke bazuwa ya cika tafkuna. Ruwan saman da suke samu bai kai na Maradi ba ko kusa, saboda haka gero na tudu ba abin dogara ba ne. Rayuwarsu na rataye da cikar gulbi. Ruwan da ya sauka a duwatsun Gine da damina yakan ɗauki watanni yana tafiya, ba ya kai ƙarshen cikarsa a wajensu sai da sanyi ya shigo. In ya cika, a samu shinkafar fadama, Fulani su samu burgu ga shanu, masunta su samu kifi, in ya fara ja da baya kuma a bi laimar da ya bari a shuka dawa. Haka aka gada. Amma farin 1973 da na 1984, waɗanda mu ma ba mu manta da su ba, sun rage cikar gulbi ƙwarai, manyan tafkuna irin su Fagibin suka ƙafe, gonakin da ruwa ke zuwa musu da kansa suka zama fako. Samari suka watse zuwa Bamako da Abijan. Hanya ɗaya da ta rage ita ce a ɗaga ruwan daga gulbi da inji a kai shi gona.

Wanda duk ya ga gonakin shinkafa na Tillaberi ya san abin da wannan ke nufi. Ana buƙatar motopampo, ana buƙatar gazuwal tun daga dashe har girbi, ana buƙatar a daidaita ƙasa a gina hanyoyin ruwa, kuma ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye a injin, in ba a samo shi cikin ƴan kwanaki ba shinkafa ta ƙone. A Niyafunke kuwa samo shi na nufin tafiya Mopti ko Bamako, ta hanyar da mota ke nutsewa cikin rairayi, ko ta babban jirgin ruwa wanda ba ya tafiya sai lokacin da gulbi ya cika. Cikin wannan rami ne Ali ya zuba kuɗin faya-fayansa. Ya sayi injunan ban ruwa da kayan noma, ya buɗe gonakin shinkafa, ya dasa itatuwa, ya yi kiwo. Ga shi dama makaniki ne tun yana saurayi, ba ya jiran a zo a gaya masa abin da ke damun inji. Gonar ta ci da babban iyalinsa, ta kuma ba mutane da yawa na garin aiki. Saboda haka in aka ce ya ƙi zuwa wasa a Turai don lokacin dashe ne, ba abin dariya ba ne. Manomin ban ruwa da ya yi tafiyar wata biyu ya bar gona ga yara, shi ya san abin da zai tarar.

Da kamfanin World Circuit ya ga dutse ba zai zo ba, sai shi ya tashi ya tafi. Shugaban kamfanin, Nick Gold, da mai ɗaukar sauti Jerry Boys suka loda na'urori da injin wuta suka yi doguwar tafiyar nan har Niyafunke. Babu ɗakin ɗaukar murya a garin, sai suka shiga wani tsohon gini da aka bari a bayan gari, suka ja wayoyi suka kafa kayansu. Aiki kuwa sai yadda manomi ya tsara shi: da rana Ali yana gona, in ya dawo da marece a taru a kaɗa. Masu kiɗan ƙwarya da masu amshi mutanensa ne na gida. Faifan ya fito a 1999, aka sa masa sunan garin. Waƙoƙin da ke ciki suna magana kan aiki da noma da ilimi da zaman lafiya, irin abin da mutum zai faɗa wa maƙwabtansa. Ni a ganina ya fi wanda ya ci Grammy daɗin ji, don babu wani baƙon hannu da ya shiga tsakaninsa da kiɗansa. A wannan zama ɗaya kuma aka ɗauki faifan farko na almajirinsa Afel Bokum, ɗan Niyafunke wanda ya bi shi tun yana yaro, kuma shi ma ma'aikacin gona ne. Sunan faifan Alkibar.

Rashin zamansa maroƙi ya ba shi wani ƴanci da ya kamata a lura da shi. Makaɗin fada yana ci daga hannun sarki, makaɗin biki yana ci daga hannun mai liƙi, dole bakinsa ya bi inda abincinsa yake. Ali ba ya jiran kyautar kowa, yana da rumbunsa. Shi ya sa bai dogara da wasa masu kuɗi ba, ya kuma iya cewa a'a ga wanda ya ga dama. Haka kuma yawan harsunan da yake waƙa da su ya yi amfani a lokacin da ake buƙata. Daga 1990 tawayen Abzinawa ya tashi a arewacin Mali, kamar yadda ya tashi a wajenmu, aka yi kashe-kashe tsakanin mutanen da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, har aka ƙone makamai a Tumbutu a watan Maris 1996 don alamar sulhu. Cikin waɗannan shekaru Ali bai bar garinsa ba, bai kuma daina waƙa da Buzanci tare da Sanwanci da Fulatanci ba. A 2003 ya hau dandalin bikin hamada da Abzinawa ke shiryawa a lokacin a Esakan, yamma da Tumbutu.

Akwai wata magana da ta bi shi har ƙarshen ransa. Turawa da suka fara jinsa sun ce kiɗansa ya yi kama da bulus, kiɗan baƙar fatar Amurka, har suka laƙaba masa sunan John Lee Hooker na Afirka. Ali ya san faya-fayan Hooker tun a Bamako, yana kuma girmama shi, amma laƙabin bai yi masa daɗi ba, don ya juya zancen a baibai. A ganinsa saiwa da gindin itacen suna nan bakin gulbi, abin da ke Amurka rassa ne da ganye da bayi suka tafi da su. A 2003 mai shirya fim Martin Scorsese ya fitar da wani fim kan asalin bulus, inda aka ga makaɗin Amurka Corey Harris ya zo har Niyafunke ya zauna da Ali suna kaɗawa. Masana suna ta muhawara kan yawan abin da bulus ya gada daga Sahel, amma dai abin lura shi ne baƙon ne ya taka ya zo.

Bai yanke hulɗa da Bamako gaba ɗaya ba. Yana da hannun jari a kamfanin Mali K7, mai buga kaset na makaɗan ƙasar, kuma ya san ciwon masu satar kaset, waɗanda ke kwafar aikin mutum su cika kasuwa da shi kafin mai shi ya sayar da ko ɗaya.

A 2004, shekarar da mu ma muka yi zaɓen gundumomi a Nijar, aka zaɓi Ali magajin garin Niyafunke, wadda a takardun hukuma ake kiran gundumarta Subundu. Ya tsaya ne a jam'iyyar URD ta Sumaila Sise, wanda shi ma mutumin yankin ne. Shekara ce mai wuya, don ita ce shekarar da fara ta sauka a Sahel ta cinye amfanin gona daga Muritaniya har zuwa wajenmu, abin da ya jawo mana yunwar 2005. Kowa ya san yadda asusun ƙaramar gunduma yake: haraji ba ya shigowa, abin da gwamnati ta yi alkawari yana makara, jama'a kuwa suna ganin tunda an zaɓe ka komai na hannunka. Ali bai tsaya jira ba. Da kuɗin aljihunsa ya sa aka gyara hanyoyin gari, aka haƙa magudanan ruwa, ya kuma riƙa sayen man injin da ke ba garin wutar lantarki.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu ba za su so ba. Abin da ya yi karamci ne babba, kuma ba a cika samun irinsa ba, don mun fi sanin masu shiga ofis da aljihu wofi su fita da shi cike. Amma gari ba ya tsayawa da aljihun mutum ɗaya. Fitilar da ke ci da kuɗin faifai, ranar da mai faifan ya kwanta, wa zai saya mata mai? Gonar ta fi wutar lantarkin tushe, don ita tana iya mai da abin da aka zuba mata, tana kuma koya wa mutane aikin da zai zauna a hannunsu. Sai dai ba a yi wa Ali adalci ba in aka auna shi da ma'aunin wanda ya yi shekara goma a kujera. Bai cika shekara biyu a kanta ba, kuma mafi yawan wannan lokaci da ciwo a jikinsa ya yi shi.

Abin mamaki, a wannan shekara ta 2004 da aiki ya fi yi masa yawa ne kiɗan ya dawo masa da ƙarfi. Nick Gold ya sake kafa na'urorinsa, wannan karon a wani ɗaki na saman otel ɗin Mande a Bamako, mai kallon gulbi. Aka haɗa Ali da Tumani Jabate, sarkin kora, molon nan na Mande mai tsirkiya 21. Mutanen biyu sun bambanta ta kowace fuska. Tumani ɗan kudu ne, maroƙi ɗan maroƙa wanda gidansu ya gaji kora kaka da kakanni, kuma Ali ya girme shi da shekara fiye da 25. Ba su yi gwaji ba, suka zauna sau uku kawai, kowane zama na ƴan awoyi, aka gama. Ali, wanda aka sani da son jan ragama, a nan ya koma baya ya riƙe gindin kiɗa da gitarsa ya bar yaron yana yawo a sama. Cikin kiɗan akwai wanda aka sa wa suna Monsieur le Maire de Niafunké, gaisuwar Tumani ga sabon magajin gari. Faifan, In the Heart of the Moon, ya fito a 2005. A wannan otel ɗin kuma ya yi aikin nasa faifan, Savane, tare da masu ngoni irin su Baseku Kuyate, ngoni kuwa ɗan uwan molonmu ne.

A watan Janairu 2005 ya yi wasa a Burusel ta Beljiyam, babban wasansa na farko a Turai bayan shekara biyar. A watan Yuni ya je Landan, shi da Tumani suka sake shiga ɗakin ɗaukar murya. A lokacin ciwon sankara ya riga ya kama ƙashinsa, waɗanda suka yi aikin da shi sun ba da labarin yadda zafi ke tsayar da shi, in ya lafa ya ce a ci gaba.

Akwai kuma zancen ɗansa Viye, wanda aka haifa a 1981. Ali, da ya sha wahalar gidansu kafin ya kama gita, shi ne kuma ya hana ɗansa kamawa. So ya yi yaron ya zama soja, don ya san abin da ke cikin sana'ar kiɗa na cuta da rashin tabbas. Yaron ya gado taurin kai, ya koya a ɓoye, ya shiga makarantar fasaha ta Bamako, ya kuma laɓe a bayan Tumani, wanda ya shiga tsakani har uban ya sauko. A watanninsa na ƙarshe, jiki ya riga ya yi nauyi, Ali ya je ya kaɗa gita a faifan farko na Viye. Wannan na cikin abin da ya ɗauka na ƙarshe a duniya.

A watan Fabrairu 2006 faifansu da Tumani ya ci Grammy, Ali yana kwance a Bamako. Ya samu ya saurari Savane bayan an gama haɗa shi, ya yarda da shi. A farkon watan Maris Allah ya yi masa rasuwa yana da shekara 66, ma'aikatar al'adu ta Mali ta ba da sanarwa ranar 7 ga wata, gidajen rediyon ƙasar suka dakatar da shirye-shiryensu suka sa kiɗansa. Aka ɗauki gawarsa aka kai Niyafunke, a can aka rufe shi. Savane ya fito a watan Yuli na shekarar. Aikin Landan kuwa sai a 2010 aka fitar da shi da sunan Ali and Toumani, ya ci Grammy a 2011, ta uku ke nan ga Ali, shekara biyar bayan rasuwarsa.

Garin bai samu sauƙi ba bayansa. A 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun ƴan tawaye da masu iƙirarin jihadi, Niyafunke na ciki, aka hana kiɗa a ƙasar da suka riƙe. Makaɗan garin, har da Afel Bokum, suka koma Bamako. Sojojin Faransa da na Mali sun karɓe garuruwan a 2013, amma tsaro bai dawo yadda yake ba. A watan Maris 2020, a cikin wannan yanki na Niyafunke ne aka sace Sumaila Sise yana yaƙin neman zaɓe, aka riƙe shi fiye da wata shida, ya rasu a watan Disamba na shekarar bayan an sako shi.

Viye ya ci gaba da gitar, ya yi wasa a bikin buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a Afirka ta Kudu a 2010. A 2023 aka tattara wasu kiɗe-kiɗen Ali da ba a taɓa fitarwa ba aka buga su da sunan Voyageur, Viye na cikin waɗanda suka shirya shi. Tumani Jabate kuma ya rasu a Bamako ranar 19 ga Yuli 2024 yana da shekara 58. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.